Gajeriyar Ƙafar Teburin Baba

Ranar da kan keken ɗinki ya zame daga teburin Baba ya daki siminti, taku ɗaya daga inda 'yata take zaune, na ce ko teburin nan ya daina rawa, ko ya bar min gida.

Teburin ya girme ni. A kansa Baba ya shekara talatin yana gyaran kekunan ɗinki, a kansa na koyi sana'ar. Da ƙafafun Baba suka gaza, muka ɗauko shi ya dawo wurinmu, teburin kuma muka sa shi a gareji, inda nake nawa gyaran. Tun daga ranar teburin yake ɗingishi. Na cusa masa kwali, na cusa tsohon silifa. Guntuwa, haka Baba yake kiran 'yata, tunda ta fara rarrafe ba ta da aikin da ya wuce zaro su.

Washegarin faɗuwar kan keken na sayo tayoyi huɗu masu birki da katako biyu na ɗaure ƙafafu. So nake in daidaita shi, in riƙa tura shi bakin ƙofa don haske, in na tashi in kai shi lungu in taka birki.

Baba yana kujerarsa a bakin gareji, Guntuwa a cinyarsa.

"Uwata, zarton nan fa?"

"Ƙafafun zan rage, Baba, in sa taya."

"Taya? Tebur ne ko amalanke? Da hannuna na haɗa shi, bai taɓa motsi ba. Daɓen gidanku ne karkatacce. Ki kira wanda ya zuba simintin, shi za ki yanke wa ƙafa."

"Baba, jiya saura kaɗan."

"Na gani," ya ce, ya ƙara rungume yarinyar. "Amma ba laifin teburin ba ne."

Ban ja da shi ba. Na kwashe kaya, na kira maƙwabciyata muka kifar da teburin da ƙyar. Ban sake ganin cikinsa ba tun ina ƙarama. Ga zanen kaza da na yi da alli, bai gama gogewa ba. Ga guntayen tsohuwar roba an buga da ƙananan ƙusoshi a kowace kusurwa, daidai inda goshina yake kaiwa a lokacin. Ban san ya yi wannan ba. Na daɗe ina shafa su kafin na ɗauko abin awo.

Ƙafa uku tsayinsu ɗaya. Ta huɗun, ta baya a hagu, ta gaza da faɗin yatsa biyu.

Na miƙa masa abin awon. Ya gyara tabarau, ya sa na sake aunawa a gabansa. Can sai ya fashe da dariya har da tari.

"Tsohon shagonmu! Kin tuna tudun nan na jikin bango, inda saiwar bishiya ta ɗaga daɓe?"

Na tuna. Kwarkwaron zare in ya faɗi a shagon nan, gangarawa yake har bakin ƙofa, ni ce mai bin sa da gudu. Ƙamshin man keke, rediyo tana ta surutu a kan taga, Mama tana leƙowa tana faɗan an bar ni cikin allurai.

"Mamanki ce ta sa ni," in ji Baba. "Kin fara rarrafe, teburin yana rawa a kan tudun. Ta ce ko in gyara ko ta sa a yi itacen girki da shi. A ranar na yanke ƙafar nan."

"Ashe dai ana yanke masa ƙafa."

"Ke, rufe min baki. Halinta kika kwaso kaf." Ya goge ido da bayan hannu. "Miƙo fensir. In kika ja layin nan da kanki, sai ya koma kujerar tsugunno."

Na ja teburin kusa da shi. Ya ja layin, ya fita sak. Na goya Guntuwa, na kama zarto. Yana daga zaune yana ba da umarni: kar ki danna, bar zarto ya ci da kansa, huda kafin ki ɗaura noti, katakon ya tsufa zai tsage. Na ɗaure ƙafafun biyu biyu, na ɗaura tayoyin, na sake kiran maƙwabciyata muka tayar da shi.

Na taka birki, na jijjiga shi da dukkan ƙarfina. Ko gezau. Na hau kai na zauna. Shiru.

"Saki birkin, turo shi nan."

Da hannu ɗaya na tura shi har gaban kujerarsa. Rabonsa da taɓa saman teburin tun da ya daina iya tsayuwa. Ya shafa ramin da gwiwar hannunsa ta yi a katakon, sannan ya dubi kusurwoyin.

"Robar nan ta bushe, ba za ta tare goshin kowa ba. Nemo sabuwa. Guntuwa ta kusa miƙewa, kuma kanta irin naki ne, ba ya ganin hanya."

Na tafi neman roba. Da na dawo, na tarar ya jawo kan keken da ya faɗi jiya, yana kwance shi.