Sunan Wa Zai Zo a Sama?

Ranar da ƙanwata Auta, abokiyar aikina, ta ce za ta koma jami'a yin digiri na biyu a kan hulɗar ƙasa da ƙasa, dariya na yi har da riƙe ciki. Mu masu aikin rigakafi a asibitin bakin iyaka, me ya haɗa kifi da kaska? Na ce, "Auta, ƙasashen za ki yi wa allura?"

Ta gama, ma'aikatar lafiya ta ɗauke ta. Ni kuwa ina nan da sirinjina.

Sai ƙyanda ta ɓarke a tsallaken iyaka, inda 'yata take aure da ɗanta da ko tafiya bai fara ba. Maganinsu ya ƙare, namu ya yi rara. Abin da ya rage kawai daraktanmu da nasu su sa hannu a yarjejeniya, mu tsallaka.

Suka shiga ɗakin kwastam tare da Auta, wadda ma'aikatar ta turo, ni ina baranda da akwatunan sanyi na maganin. Shiru, shiru. Rana ta take, ƙanƙara ta fara narkewa. Wallahi hankalina ya tashi, don in maganin ya yi ɗumi, sai dai a zubar.

Na leƙa. Ashe rigimar duka a kan sunan ƙasar da za a rubuta a sama ce! Manya da su, da furfura.

Auta ta miƙe. "Ranku ya daɗe, ai haka ƙasashe ke yi: kwafi biyu ake bugawa. A namu sunanmu ne a sama, a naku naku ne. Kowa ya fara sa hannu a nasa, ya tafi da shi gida."

Daraktansu ya gyara tabarau. "Haka ake yi?"

"Har shugabanni, ranka ya daɗe."

Kafin ka ce kwabo an buga, an sa hannu, kowa ya fito yana taƙama kamar shi ya ci kokawar.

Auta ta kama mini akwati ɗaya. "Yaya, ga ƙasashen na yi musu tasu allurar. Saura taki."

"Ke dai ba ki da kunya," na ce.

Muka tsallaka da sauran sanyi a maganin. Jikana na can tsakiyar layi a bayan uwarsa. Da na tsira masa allurar ya callara ihu, ya kai mini duka a hanci. Na rungume shi, ni ma ina hawaye.