Ɗinkin Da Ba A Gani Daga Waje

Yayata ba muguwa ba ce, kar in ɗauki alhakinta. Ita dai abin da idonta bai gani ba, to babu shi a duniya.

Shagon ɗinkinmu ɗaki ɗaya ne, keke biyu. Na lantarki yana bakin taga, nata ne, taɓa shi kawai za ka yi ya ɗauki gudu. Na ƙafa yana lungu kusa da buhun ƙyallaye, shi ne nawa, sai ka yini kana taka shi kamar mai biyan bashin zunubi.

Tun da aka yi min aiki aka ciro ɗana ban sake komawa daidai ba. Likita ya ce wajen warkewa ne naman ciki ya manne, hanji ya liƙe da abin da ke maƙwabtaka da shi. Ciwon daga mara yake tashi, ya bi ƙugu, ya gangara ƙafar hagu har gwiwa. In na taka keke, sai in ji kamar wani ne a ciki yake jan igiya. Abin haushin, hoton asibiti ba ya nuna shi. Aka ɗauka, Yaya ta ɗaga a hasken taga, ta juya shi sama da ƙasa kamar ta san karatunsa.

"Ni ban ga komai ba, Auta," in ji ta. "Ciwon nan naki wayo gare shi. Bai san ranar hutu ba sai ranar aiki."

Rannan ta shigo da fara'a. Wata makaranta na neman mai ɗinka wa ɗalibai kaya, shugabar ta ce a kawo samfuri.

"In muka samu aikin nan, keken ƙafa ba zai huta ba," ta ce. "In ba za ki iya ba ki faɗa min tun wuri, ki zauna a gida, in ɗauko mai ƙafa biyu."

Wallahi maganar ta soke ni. Shagon nan shi ne cina, shi ne shana, kuma nan kaɗai nake manta ciwon in hira ta yi daɗi. Na ce ta bar min na lantarki mana. Ta ce in ta ga ciwon da idonta za ta ba ni.

To, ai shi ke nan. Ta kawo kanta, don a ranar ta miƙo min yadi ta ce in ɗinka mata siket ɗin da za ta sa zuwa wurin shugabar.

Na ɗinka siket, ba yabon kai ba, ko a kanti sai haka. Sannan na juya shi, na tattare shafin ciki ta gefen hagu, na ɗaure shi da ƙugu da zaren roba, na rufe bakin. In kana tsaye, lafiya lau. Ɗaga ƙafa ne magana.

Ta sa, ta juya gaban madubi, ta ce, "Kai, Auta, hannunki dai ba ya ciwo." Ta ɗora min jakar samfuri muka fita.

Ba mu kai bakin titi ba ta fara taɓa ƙugu.

"Ke, siket ɗin nan yana ja na."

Na zagaya ta, na duba gaba, na duba baya. "Ni ban ga komai ba, Yaya."

Muka ci gaba, ni ina ɗingishi da hagu, ita ma tana ɗingishi da hagu. Mai gyaran takalma na kan kwana ya ɗago kai ya ce, "Ikon Allah, abin na gado ne?" Na cije leɓe don kar dariya ta tona ni.

Ofishin shugabar a saman bene yake. Na zauna a matakalar farko na ce nan zan jira. Yaya ta karɓi jakar, ta kama ƙarfen benen tana hawa, kowane taki sai shafi ya damƙi cinya, roba ta finciko ƙugu. A tsakiya ta tsayar da wata malama mai saukowa.

"Baiwar Allah, don Allah duba min, wani abu ya kama siket ɗin nan?"

Malamar ta duba ta ce, "Lafiyarsa ƙalau, Hajiya. Wa ya ɗinka miki? Ya yi kyau."

Aiki dai mun samu. Amma ko da muka dawo shago Yaya ta haɗa gumi, fuska a murtuke. Ta shige bayan labule ta tuɓe, ta juya siket ɗin. Sai ga ta ta fito da ɗaurin zani, siket a hannu, zaren roba yana reto.

"Auta! Ni za ki yi wa wannan iya shegen? A gaban mutane?"

"Wanne? Ai kowa ya ce ba ya ganin komai."

Ta ɗaga hannu kamar za ta kai min duka, na kare da jakar samfuri ina dariya har marata ta amsa, na dafe wurin na durƙusa. Ta tsaya tana kallona. Ta ɗauki reza ta tsinke zaren, shafin ya saki.

"To ke ma ba sai a farke naki ba?" Muryarta ta sauka.

"Na tambaya. Likita ya ce ana iya shiga a raba, amma sabon yanka yana iya kawo sabon manni. Naki yini ɗaya ne, Yaya, kuma kin tuɓe. Ni da nawa nake kwana."

Ta daɗe tana juya rezar a hannu. Ni kuma sai na ji dariyar ta gudu, hawaye na neman ba ni kunya.

Washegari na tarar da kujerata a bakin taga, har da matashi a kai. Yaya tana lungu tana taka keken ƙafa, tana haki.

"Sannu da aiki," na ce. "Ko ƙafar ta fara ciwo ne?"

"Rufe min baki," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "In naki ya motsa ki faɗa min. Ba sai na gani ba."