Kwanon Ya Fanna

A Gagamari, abin da ya raba gidan Ya Meram da rumfar Ya Fanna zana ce kawai, kuma zanar nan tana da wata kafa daidai ƙugun mutum. Ba gara ce ta ci wurin ba, hannu ne ya buɗa shi. Ta nan kwano yake wucewa kowace yamma. Ya Fanna ta zuba abin da ta dafa ta miƙo, Ya Meram ta juye, ta wanke, ta zuba nata ta mayar. A wajenmu kwanon maƙwabta ba ya komawa wofi, kuma wanda aka miƙo wa ba ya cewa ya ƙoshi. Duk wanda ya ce ya ƙoshi, to ba da tuwon yake ba, da mai tuwon yake.

Kwanon na Ya Fanna ne, wani tsohon kwano mai ruwan shuɗi da bakinsa ya gutsure. Da shi ta tsallako kogin Kumadugu shekarar da mutanen ƙetare suka yi ta gudowa, daga shi sai zanen jikinta sai ɗanta Babagana. Ya Meram ce ta ba su gefen filinta suka kafa rumfa. Ita ƴar gari ce, tana da ƴar gonar tattasai da mijinta Alkali ya rasu ya bar mata. Ɗanta guda ne, Laminu, yana tuƙin mota a Damagaram, sai dai waya ranar Juma'a in ya tuna. Ka ga ke nan duk faɗin gidan nan ita kaɗai ce, sai wata akuya mai baƙin kunne.

Ya Fanna ta iya girki, wannan ba mai musu. Amma hannunta a gishiri, sai dai a yi shiru. Ta watsa gishiri, ta marmasa dunƙulen magi, ta bi da kanwa, sannan ta ɗanɗana ta ce da saura. In Ya Meram ta kai loma sai ta leƙa ta kafar ta ce, "Ya Fanna, yau ma duk gishirin Bilma kika kwaso mana?"

"Mai miya lami ba ta da bakin magana," in ji Ya Fanna. Sai su yi ta dariya, kowace tana zaune a ɓangarenta, suna ci suna hira har a kira magariba.

Ana cikin haka, lokacin da jan tattasai ya rufe ko'ina a shanye, wasu masu binciken hawan jini suka zo daga Diffa suka zauna a ƙofar gidan bulama, mai garin. Ƙauyukan bakin kogi suke bi suna auna jinin manya. Ya Fanna ta ce ita kam ba da ita ba, wadda ta tsallake kogi ruwa iya wuya ba za ta je ta miƙa hannu wata jaka ta matse ta ba. Ya Meram ta tafi ita kaɗai.

Wata malamar asibiti mai suna Rashida ce ta ɗaura mata abin awon. Ta duba, ta yi jim, ta sake aunawa a ɗaya hannun.

"Iya, kina yawan ciwon kai? Jiri fa?"

"Ciwon kai ai na kowa ne, ƴata."

"Jininki ya hau sosai, Iya. Shi wannan ciwon ba ya sallama. Za mu ba ki magani, mu riƙa auna ki duk wata. Amma gishiri da dunƙule da kanwa, ki rage su ƙwarai. Abin da muke bincike ke nan, mu ga yadda ragewar take taimakon mutanenmu."

"In ban rage ba fa?"

"Allah ya kiyaye, yana iya shanye wa mutum ɓarin jiki."

Nan Ya Meram ta daina jin sauran bayanin, don ta san wannan ciwon ido da ido. Shi ya kwantar da Alkali damina biyu, baki a karkace, hannu a sake. Ita ta riƙa juya shi, ita ta wanke shi, ita ta ɗura masa kunu da cokali yana dalala. A hanyar komawa gida magana ɗaya take ta juyawa a ranta: shi yana da ni, ni fa, wa zai juya ni? Tsoro ya kama ta sosai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake. An ce ta rage, ita sai ta yanke gaba ɗaya, ta rantse ko ƙwayar gishiri ba za ta ƙara shiga bakinta ba.

Tukunyarta ba ta ba ta wahala ba. Ta dafa lami, ta ɗibi rabon Ya Fanna ta sa masa gishiri daban. Kwanon da ke shigowa shi ne matsalar. Ta ce ta ƙoshi? Ba a yi. Ta ce abincinki cuta ne a jikina? Wa zai faɗa wa baƙuwar da ta tsakuro daga ɗan hatsin taimako wannan maganar? Sai ta zaɓi abin da ta ga ya fi sauƙi, wanda kuwa shi ya fi duka muni. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta zagaya bayan ɗaki ta juye wa akuya, ta dawo tana cewa miya ta yi daɗi. Akuya ta yi ta sheƙi, maƙwabta har suna tambaya wace irin dusa ake ba ta.

To rana dubu ta ɓarawo. Wani ɗan'uwan Ya Fanna ya zo daga wajen Baroua ya kawo mata bandar kifi. Matar da ta kwana biyu ba ta ga kifi a tukunyarta ba, ranar ta zage ta yi burabusko da miyar banda, ƙamshi har bakin hanya. Ta cika kwano ta miƙa. Da ta koma sai ta ga kan kifin ya rage a tukunya, ta tuna Ya Meram tana son kai, ta ɗauko shi a ludayi ta dawo bakin zana. Ta sunkuya ta leƙa. Ga kwanonta a ƙasa, akuya ta tsoma baki a ciki, Ya Meram tana tsaye a kanta tana waige-waige.

"Ya Meram," ta kira a hankali.

Ya Meram ta juyo.

"Tun yaushe?" in ji Ya Fanna.

"Ya Fanna, tsaya ki ji. Malamar asibiti ce ta ce gishirin nan zai kashe ni."

Ai gara ma da ta yi shiru. Magana zarar bunu ce, ta fita ta fita.

"Abincina ne zai kashe ki?" Muryar Ya Fanna ko ɗagawa ba ta yi ba. "Shekara nawa kina cinsa, ga ki a tsaye. Ki dai ce abincin ƴan gudun hijira ne, bai dace da kowa ba sai akuya."

"Wallahi ba haka ba ne. Tsoro nake ji in faɗi irin faɗuwar Alkali, ba ni da mai juya ni."

Ya Fanna ta daɗe tana kallonta ta cikin kafar. "Ba ki da mai juya ki," ta maimaita. "Ashe ni nan ba mutum ba ce. To in kin faɗi, akuyar ta juya ki. Miƙo mini kwanona."

Haka kwanon ya koma wofi, karo na farko. Washegari da safe Ya Meram ta tarar an ɗinke kafar da guntun buhu.

Ta yi ƙoƙari, ba za a ce ba ta yi ba. Ta aika da tattasai aka dawo mata da shi. Ta zagaya ta ƙofa ta yi sallama, Ya Fanna ta amsa gaisuwa tiryan-tiryan, ta tambayi gida, ta tambayi Laminu, ta tambayi gona, amma ba ta shimfiɗa tabarma ba. Irin wannan gaisuwar ta fi zagi ciwo. Daga nan ita ma Ya Meram zuciya ta ɗebe ta, ta ce ita da ta ba da fili ba za ta yi ta bin mutum da ban haƙuri ba. Wannan kam wauta ce, don filin ba ya hira.

Sanyi ya wuce, azumi ya shigo. Da la'asar ƙamshin miyar Ya Fanna ya riƙa ratso zana, ana jin ƙarar ludayi, ana jin Babagana yana ba ta labarin mutanen garinsu da suka fara komawa gida. Ya Meram ta sha ruwa ita kaɗai, ta haɗiyi ƙwayar maganinta, ta ci lominta uku ta rufe sauran. Wani lokaci sai ta ji abin dariya ya zo mata, ta juya wajen kafar, ta ga buhu. Jirin ya tafi, ciwon kan ya tafi, jikinta ya yi sakayau. Amma kaɗaici ya cika mata gida, har ta kai in akuya ta yi kuka amsa mata take yi.

Bayan salla aka kira waɗanda ake aunawa su je Diffa don awon ƙarshe. Ta fita da sassafe ta hau mota. Rashida ta auna ta, fuskarta ta washe.

"Iya, barka. Jininki ya sauko, ki ci gaba da maganinki yadda kike yi." Tana kwance abin awon ta ƙara da cewa, "Af, ranar da na zo unguwarku maƙwabciyarki ta tare ni a hanya, wata doguwa mai tsage. Tambayata ta yi wai da gaske gishiri yana kwantar da mutum. Na ce in ya yi yawa ga mai hawan jini, yana yi. Sai ta ce to yaya ake miya ba gishiri ta ciwu. Na ce ta sa tafarnuwa da citta da daddawa da ɗan tsamiya. Na ce ita ma ta zo in auna ta, ta ce ba don kanta take tambaya ba."

Ya Meram ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta biya kasuwa ta sayi turaren wuta irin wanda Ya Fanna take so, ta ƙulle a gefen mayafi. Duk hanya tana shirya abin da za ta ce, tana jin motar kamar ba ta tafiya.

Da ta iso, rumfar Ya Fanna babu rufi. Dirkoki ne kawai a tsaye, sai duwatsun murhu da toka mai sauran ɗumi. Zainaba, matar gidan da ke kallonsu, ta fito tana goge hannu.

"Ai sun tafi, Ya Meram. Babbar motar masu komawa gida ce ta zo da hantsi, ba zato, aka ce in ba su bi wannan ba sai bayan damina. Ta tsaya jiranki har direba ya fara faɗa. Sai da Babagana ya kama hannunta."

"Ta bar lamba?"

"Garin nasu ai ko waya ba ta shiga."

Ya Meram ta shiga gida. An farke buhun daga jikin zana. A cikin kafar ga kwano mai ruwan shuɗi, an rufe shi da faifai. Ta buɗe. Burabusko ne da miyar banda, kan kifin a sama.

Ta zauna a wurin zamanta na da ta kai loma. Ko ƙwayar gishiri babu. Tafarnuwa ta yi yawa, tsamiya ta fi ƙarfin komai, don hannun Ya Fanna bai taɓa sanin kaɗan ba. Gaskiya miyar ba ta yi daɗi ba. Ta cinye ta tas, ta tsotse kan kifin, ta suɗe kwanon da yatsa, tana ci tana kuka.

Kashegari da yamma ta dafa tuwo da miyar kuɓewa. Ta wanke kwanon ta cika shi, ta sauko da gwangwanin gishiri ta barbaɗa da yawa, ta marmasa dunƙule a kai. Ta kai shi kafar zana ta ajiye, ta ɗora ƙullin turaren a kan faifan, ta zauna. Ta can ɓangaren ba komai sai dirkoki. Akuya ta jiyo ƙamshi ta taho da saurinta yadda ta saba, ta miƙo baki.

Ya Meram ta kai mata duka da ludayi.

"Tafi can," ta ce. "Wannan na Ya Fanna ne."