Kunnen Maɓalli

Tun da Baba ya dawo gidanmu da zama nake fama da maɓallansa. Shekara talatin yana tara maɓallan tsofaffin kaki, na 'yan sanda, na ma'aikatan jirgin ƙasa, na masu raba wasiƙa, kowanne da gurbinsa a faranti. Ni kuwa 'yata wata goma sha huɗu gare ta, duk abin da ta tsinta baki ne ma'ajiyarsa. Na yi magana har bakina ya gaji.

Ranar ina shanya a tsakar gida na ji tarinta. Na tarar da farantin a ƙasa, gurbi ɗaya wayam. Ga 'yar fitilar da Baba ke haska maɓallai da ita ta fashe, ɗan batirinta mai faɗin kwabo shi ma babu shi.

A asibiti likita ta ɗaga hoton cikin yarinyar. Ga abu nan zagayayye, fari fat.

"In maɓalli ne zai fita da kansa," in ji ta. "In batir ne yanzu za mu shiga da ita tiyata, don ƙona ciki yake yi. Kin ga layi biyu a bakinsa? Haka batir ke fitowa."

Baba ya gyara tabarau ya matso kamar an kawo masa haja.

"Likita, wannan ai fuska ce. Fuska ƙarya take yi. A ɗauko mana shi ta gefe."

"Baba, don Allah ba yanzu ba."

"Ke dai bari, uwar masu gida. Na jirgin ƙasa ne ya ɓata, mai ƙwarya biyu, an naɗe bakin ta sama a kan ta ƙasa. Layi biyun da likita ta gani ke nan. In shi ne, akwai kunne a bayansa, inda zare ke shiga."

Likita ta dube shi, ta ce dama za a ɗauki na gefen. Da hoton ya fito, ga ɗan zobe nan a bayan abin, ƙarami kamar idon allura.

"Batir ba ya da kunne," in ji likita, tana ajiye numfashi.

Baba ya ce, "Kuma dubi yadda aka liƙe shi! Wannan ya haura shekara tamanin."

"Baba, cikin jikarka ne fa kake wa kwanan wata."

Sai ya cire tabarau.

Kwana biyu ina tona kashinta a fo da tsinke kafin maɓallin ya fito. Batirin kuwa a ƙarƙashin kabad na share shi. Na wanke maɓallin sau uku na miƙa wa Baba. Ya juya bayansa zai karanta tambarin maƙera, sai ya fasa.

Na sayo kwaɗo na sa wa akwatin da yake ajiye farantin. Mukullin yana wuyana. In yana son ganin kayansa sai ya jira yarinyar ta yi barci, ni kuma in zauna gefe ina ƙirga gurabe.