Hannun da Ke Bayan Ƙeya

"Cire hannunki, Maman yaro," in ji mai hoto. "Yana fitowa."

Auta ta sauke hannun ƙasa kaɗan, ta bar yatsu biyu a ƙeyar ɗanta.

"Har yanzu ina ganin yatsu. Hoton fasfo ne fa. Mutanen nan ko farce suka hango, dawo miki da shi za su yi."

Tana zaune a kan kujera marar jingina, mai hoton ya lulluɓe ta da farin ƙyalle daga kai har gwiwa, don ta zama bango. Yaron yana kan cinyarta, a wajen ƙyallen. Ba ta ganin komai sai fari. Tana jin zafin fitila a fuskarta, tana jin nauyin kan a kan yatsunta.

Ta janye su.

Kan ya tafi gefe a hankali, ya kwanta a kafaɗarsa. Ta ji ƙarar kyamara sau ɗaya.

"Watansa nawa?" mai hoton ya tambaya.

"Shida, jibi," in ji Yaya daga kan benci. Ita ce babbar 'yar'uwar Auta, ta rako ta ne don riƙe jaka. "Me ya faru?"

"Ba komai, Hajiya."

"Ƙiba ce, Malam. Dubi kumatu. Ga kai irin na ubansa, wanda ba a taɓa samun hula daidai shi a kasuwa ba. Wane wuya ne zai ɗauki wannan kaya da wuri? Ko ba haka ba, Babban Mutum?" Yaya ta ƙarasa tana leƙen fuskar yaron.

Mai hoton ya yi dariya kaɗan. Auta ta mai da hannunta inda yake, ta yaye ƙyallen da ɗaya hannun. Agogon bango ya nuna goma da minti arba'in.

Uban yaron ya tafi aiki ƙasar waje tana da ciki wata bakwai. Bai taɓa ɗaukar ɗansa ba. Duk ƙarshen mako tana tura masa hoto, kuma ta ƙware: hannu a bayan matashi, hannu a ƙarƙashin tawul, hannu cikin wuyan riga. Hotuna ashirin da wani abu, a kowanne yaron yana zaune ƙyam yana kallon duniya. Uban yana nuna wa abokan aikinsa. Yanzu wurin aikin sun yarda iyalinsa su je, ya ce a yi wa yaron fasfo da gaggawa.

A jakar da ke hannun Yaya akwai wata takarda da aka ninke huɗu. Mako uku da suka wuce, a wurin rigakafi, nas ta kwantar da yaron rigingine, ta kama hannayensa biyu ta ɗago shi. Jikin ya taso, kan ya rage a baya. Ta sake. Haka. Ta kwantar da shi rub da ciki, ya bar fuskarsa a kan shimfiɗa.

"Yana juyawa da kansa?" nas ta ce.

"Wani lokaci."

"Yana miƙa hannu ya kama abu?"

"Wani lokaci."

Nas ɗin ba ta ɗago ta kalle ta ba. Ta rubuta takarda zuwa likitan yara a babban asibiti, ta sa ranar yau, ƙarfe goma. Ta ce suna daina karɓar kati sha biyu, in ranar ta wuce kuma sai bayan wata biyu. Auta ta ninke takardar ta sa a jaka. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi tunani a kai ba. Ta koma gida ta wanke kwanuka.

"Akwai dabara," in ji mai hoton. Ya karɓi ƙyallen, ya shimfiɗa a ƙasa a kan tabarmar roba, ya gyara gefuna da tafin hannu. "Kwantar da shi nan. Ta sama zan ɗauka. Haka nake yi wa 'yan sati biyu."

Ta kwantar da shi. Mutumin ya hau kujera, ya sunkuyo da kyamara, yana kaɗa makullai.

"Babban Mutum! Ranka ya daɗe, nan, nan!"

Yaron ya bi makullan da ido. Ya yi murmushi, dasashi a waje. Hannayensa suna gefe, inda aka ajiye su.

"Shi ke nan. Ko shugaban ƙasa sai haka."

Wayar Auta ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga maigidanta. Yaya ta ce ta kunna su ji, ta kunna.

"Ya ake ciki, an yi hoton? Ki ce wa Babban Mutum ya gyara zama, kada ya kunyata ni. Wani a nan yana cika mana baki wai ɗansa ya zauna a wata biyar, na nuna masa namu, ya yi shiru. Af, na saya masa keken koyon tafiya, ja, mai ƙararrawa. Yana nan yana jiransa."

"Keke tun yanzu," in ji Yaya. "Gobe kuma sai mota."

Auta ta ajiye wayar. Ta ɗauki yaron daga ƙasa, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a ƙeya. Ba ta san lokacin da hannun ya koyi zuwa can da kansa ba.

Mai hoton ya kira ta ta ga aikin a kwamfuta. Hotuna bakwai a jere. Na ƙarshen ya yi kyau ƙwarai: farin bango, kai a miƙe, ido biyu a buɗe. Babu wanda zai ce a kwance yake. Na uku shi ne wanda aka ɗauka lokacin da ta saki. Kan ya faɗi a kafaɗa, baki a buɗe, a bayansa kuma wani farin tudu, ita ce.

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta taɓa ganin ɗanta daga gaba ba alhali babu mai riƙe da shi.

"Na ƙarshen zan wanke," in ji mai hoton. "Sauran in goge."

"Bar na ukun."

"Wannan ai ya lalace."

"Tura min shi a waya."

Ya kalle ta, ya kalli yaron. Ya karɓi lambarta. Yana bugawa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Shekara goma sha tara ina wannan aikin, Maman yaro. Ni ba likita ba ne."

"Na sani."

"To."

A waje rana ta yi zafi. Masu gyaran waya sun baje kaya a bakin titi, motocin haya suna tsayawa suna tashi. Yaya ta buɗe jaka za ta sa ambulan ɗin hotunan, takardar ta biyo hannunta. Ta warware ta karanta, leɓɓanta suna motsi. Ta ninke ta yadda take.

"Yau ne," ta ce.

"E."

"Ƙarfe goma."

"E."

"Tun yaushe take nan?"

"Sati uku."

Yaya ta kalli titi. Babu sauran wasa a muryarta. "Huɗu na haifa, Auta. Na ƙarshen yana wata uku yake ɗaga kai yana leƙen mutane kamar mai jiran baƙo. Kin zaci ban gani ba?"

"Kin ce ƙiba ce."

"Ke ba ki ce komai ba. Me zan ce?"

Wata mota ta tsaya, direban yana kiran babban asibiti. Sha ɗaya da minti biyar. Ba wadda ta ce a shiga. Yaya ta shiga, ta matsa, Auta ta bi ta.

Motar ta cika. Wata mata da ke gefensu ta leƙo fuskar yaron ta ce tubarkalla, wannan ai ya kusa rarrafe. Yaya ta ce Allah ya sa. Auta ta ciro waya da hannun hagu. Ta buɗe hoton na uku, ta zaɓi sunan maigidanta. Ta fara rubutu, ta goge. Ta tura hoton haka, ta ɗauki hoton takardar asibitin a kan cinyar Yaya ta tura shi ma.

Ta ga alamar ya buɗe. Motar ta wuce gidan mai, ta wuce makaranta, ta faɗa rami, kan yaron ya girgiza cikin tafinta ta tare shi. Bai rubuto komai ba.

Sai wayar ta fara ƙara a kan cinyarta, shi ne ke kira. Ta bar ta tana yi. Mutanen motar suka fara waiwayowa.

"Ɗauka mana," in ji Yaya.

"Hannuna."

"Kawo kan."

Yaya ta zura tafinta a ƙarƙashin nata. Auta ta zare hannun a hankali. Ya sage, yatsun sun ƙi miƙewa. Ta kalle shi kamar na wani. Da shi ta ɗauki wayar.