Hanyar da ta bi bayan tudu

Zahara'u ta yi shekaru tana tuyar ƙosai a bakin fadama, inda hanyar ƙasa ta ratsa ƙauyensu kafin ta haɗu da babban gudron, wato titin kwalta, kusa da Tsarnawa. Hanyar ba ta da tsawo, amma muguwa ce. Da wuya kamiyon albasa ya fito daga lambuna ya wuce nan lafiya: ko duwatsu su fasa masa taya, ko ya kafe cikin laka. Mijinta Mahfuz shi ke faci a gindin itacen bedi. Yana fama da taya, direbobi na zaune kan bencinta suna cin ƙosai da koko.

Su da kansu suka yi ta roƙon a gyara hanyar. Mahfuz na cikin waɗanda suka je gaban hukuma, bayan wata mai naƙuda ta cika a cikin amalanke ba a kai ga likita ba. Ranar da aka ce an amince, Zahara'u ta rangaɗa guɗa, ta raba ƙosan ranar sadaka.

Da masu awo suka zo, ba su kafa turakunsu a fadama ba. Suka bi bayan tudu, can gabas da gari, inda ƙasa ke da tauri.

Maigari ya je ya tambaya, ya dawo. Ya ce wa mutane, "Sun ce in ta bi fadama, damina guda ta cinye ta. Kuma kun san ba ƙarya suka yi ba."

Mutane suka watse, kowa ya kama gabansa.

Da aka gama aiki, Zahara'u ta ɗauki kasko da murhu ta haura tudu, ta zauna bakin sabuwar hanya. Ba inuwa, ba ruwa kusa. Motoci na wucewa fuu, iskarsu na kaɗa mata wuta. Wasu direbobin da suka san ta sukan danna mata oda su ɗaga hannu. Sau ɗaya Sabi'u, wanda ya daɗe yana cin ƙosanta, ya tsaya.

Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Yanzu tun ban ji yunwa ba na kai Ƙonni."

Ta ce, "Allah shi kiyaye hanya," ta ƙara masa gyara.

Mahfuz ya jure har kaka. Wata safiya ta same shi yana zuba famfo da ƙarafansa cikin buhu.

Ta ce, "Baban Fadila, ina za ka da kayan aiki?"

"Ƙonni. In ban samu wuri ba in ƙetara Najeriya."

"To, mu hwa?"

Ya ɗaure bakin buhu, bai dube ta ba. "Mi kike so in yi? In watsa ƙusa bisa hanya?"

Ta so ta yi fushi, ta rasa da wa za ta yi. Ta raka shi har bayan tudu. Sun daɗe tsaye cikin rana yana ɗaga hannu kafin wata mota ta tsaya.

Washegari ta jiƙa wake rabin wanda ta saba. Da azahar ta sauko da saura cikin kwano, tana bi gida gida tana ba maƙwabta. Wasu suka karɓa, wasu suka ce na jiya ma bai ƙare ba.