Layin da Ya Tsaya Tsakanin Kabari Biyu

Likita ya hana Baffa hawan dutse, shi ke nan magana ta faɗo kan Pyo Man-sik. Kowace shekara kafin bikin girbi na Chuseok sai an je an yanke ciyawar kabarin kakansu, can cikin tsaunukan Cheongsong, inda ba hanya, ba allon suna, ba sabis ɗin waya. Baffa, wan mahaifinsa, shi kaɗai ya san wurin. Man-sik kuwa shekara da shekaru yana bin bayan tsohon da injin yankan ciyawa a kafaɗa, bai taɓa ɗaga kai ya dubi inda ake bi ba. Direban bas ne a Daegu, ba lungun da bai sani ba a birni, amma a daji ko gabas ba ya ganewa.

Sa'arsu ɗaya, bara mijin ƙanwarsa Sun-rye ya bar waya a kunne cikin jaka, ta zana duk inda suka taka. Layin yana nan. Saura manhajar taswirar da za ta buɗe shi a inda babu sabis.

"Yaya, ka sauke wadda kowa ke amfani da ita mana," in ji Sun-rye. "Har gidajen abinci tana nunawa."

"Taliya za mu je ci a wurin Kaka?"

Ya sauke guda uku, ya kashe data a tashar bas don gwaji. Ta Sun-rye nan take ta koma fari fat kamar bayan faranti. Ta biyu ta ce sai an haɗa ta da intanet tukuna ta tabbatar da shi wane ne. Ji wata magana! Ta ukun mummuna ce, rubutunta ƙanana, amma ta yarda a sauke taswirar gundumar gaba ɗaya a ajiye a waya, ta shimfiɗa layin ja a kai, kuma in ka kauce masa sai ta yi ƙara. Ita ya zaɓa, ya goge sauran.

Ranar tafiya Baffa ya ce ƙafarsa ƙafarsu, ko da gindin dutsen ne. Suka zaunar da shi a rumfar ƙauye da sandarsa.

"Wannan abin ne zai kai ku wurin ubana?"

"Shi ne, Baffa."

"To, ku gaishe shi. In kun same shi."

Gaskiya dai manhajar ta yi aikinta. Sabis ya ɗauke tun a bakin rafi, ita ko gezau. Inda ƙaya ta cinye hanya ta nuna musu ta ina za su kutsa, da Sun-rye ta karkata wajen wata gangara mai daɗin bi ta tsawata mata da ƙara. Man-sik sai hura hanci yake.

Layin ya ƙare a wani ɗan fili mai tudun kabari biyu, ɗaya sama kaɗan, ɗaya ƙasa. Ya ƙare ne a tsakiyarsu cif, inda mijin Sun-rye ya yar da jakar bara. Man-sik ya dubi wannan, ya dubi wancan. Wallahi bai san wanne ba ne.

Amma na saman an riga an aske shi tas, ciyawar ko bushewa ba ta yi ba, ga ƙamshin giyar shinkafa da aka zuba.

"Ai magana ta ƙare," in ji Sun-rye. "Masu wancan sun zo sun yi nasu. Wanda aka bari shi ne namu."

Ya tayar da inji ya aske na ƙasan, ita tana kwashe ciyawa. Suka jera tuffa da busasshen kifi, suka zuba giya, suka kai goshi ƙasa. Sun-rye har da ba Kaka labarin ɗanta ya samu aiki.

Da suka sauko suka tarar da Baffa yana hira da wani mutum mai ciyawa a wando, sunansa Ma Yong-pal, shi ma daga sama ya sauko.

"Wanne kuka yi?" Baffa ya tambaya.

"Na ƙasa."

Baffa ya juya ga Yong-pal. "Kai fa?"

"Na sama, Baba. Nan wayata ta nuna."

"Madalla. Kai ka yi wa ubana aski, su kuma sun shayar da kakanka. Na ƙasa shi ne tsoho Ma. Ina wurin aka binne su duka biyun."

Sun-rye ta fashe da dariya, amma Yong-pal bai yi ba. Ya ce mahaifinsa ya rasu bara, ɗigo ɗaya kawai ya bar masa a taswira, kuma ba shi da sauran wanda zai tambaya. Da jin wannan maganar, tsoro ya kama Man-sik sosai.

"To ai duka an yanke," in ji Sun-rye. "Baɗi sai mu gyara."

"Baɗi," in ji Baffa. Ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar. "Man-sik, juyo da bayanka."

"Baffa, likita fa ya ce..."

"Ya ce kar in hau. Bai ce kar a hau da ni ba. Ba ku gaida ubana ba tukuna. Kuma akwai wani wuri a gefensa da zan nuna maka, in gani da idona ka sa masa alama a abin naka, kar wata rana ka je ka zuba wa wani giyata."

Man-sik ya miƙa wa Sun-rye wayar, ya durƙusa. Tsohon ya hau, ya sarƙe wuyansa da hannu. Da Man-sik ya miƙe sai ya yi taga-taga, don ya tara ƙarfi ne na ɗaukar mutum. Injin yankan ciyawa ya fi Baffa nauyi.

"Ɗaga kanka," in ji Baffa a kunnensa. "Yau dai ka dubi hanya."